Iyakar Roba Da Tangaran A Gaban Wutar Lantarki

A cikin watan Yuni na shekarar 2025 mutanen unguwar Tudun Wadan Pantami da ke cikin garin Gombe suka wayi gari cikin juyayi. Da dare, sa'ad da yawancin jama'a ke barci, wutar lantarki mai ƙarfin da ya wuce kima ta kwararo cikin gidaje, ta bi wayoyi da kayan amfani, ta halaka mutum biyar, wasu fiye da goma kuma aka kwashe su zuwa asibiti. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Bayan 'yan kwanaki hukumar NEMSA, wadda ke da alhakin duba ingancin kayan lantarki a ƙasar nan, ta ba da bayanin farko na bincikenta, inda ta nuna cewa katakon da ke ɗauke da babbar waya a kan falwaya ne ya gaza, wayar ta rabu da mazauninta, ta sauko ta taɓa ƙananan wayoyin da ke kai wuta gidaje.

To, akwai tambayar da ta rage a bakin mutane da yawa tun daga wannan rana. Ai wayoyin cikin gidajen nan duk a lulluɓe suke da roba, makunnan fitila na roba ne, abin cajin wayar hannu ma roba ce ta rufe shi. Tun yaro yana firamare ake koya masa cewa wuta ba ta bin roba, ba ta bin busasshen itace, ba ta bin gilashi. Yaya aka yi duk waɗannan suka kasa kare masu gida? Amsar ita ce abin da aka koya wa yaron nan rabin magana ne. Babu wani abu a duniya da ke tare wutar lantarki ba iyaka. Kowane makari, watau abin da ake sawa tsakanin wuta da mutum, yana da adadin da zai iya jimrewa, in an wuce wannan adadi sai ya buɗe wa wuta hanya kamar dai shi ma waya ne.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu. Akwai ƙarfin da ke tura wuta, wanda ake aunawa da bolt, akwai kuma yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya. Misalinsu kamar tankin ruwa ne da tiyo. Gwargwadon tsawon da aka ɗaga tanki sama, gwargwadon matsin da ruwa zai yi wa jikin tiyon, ko da kuwa an rufe famfo ba ko ɗigo da ke fita. Bolt shi ne wannan matsi, makari kuwa shi ne jikin tiyo. Tiyon ban ruwan lambu yana iya shekara yana aiki lafiya lau a gida, amma ranar da aka jona shi da babban bututun da ke kawo ruwa daga Dadin Kowa, ranar zai yage.

Wutar da ke shiga gidaje a Nijeriya bolt 230 ce. Wayoyin da ke bin unguwanni a saman falwaya suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000. Manyan turakun ƙarfe da ke ratsa daji suna ɗauke da 132,000, mafi girmansu kuwa, irin layin da ya taso daga Jos ya sauka a babbar tashar kamfanin TCN da ke Gombe, ya kuma zarce Yola da Damaturu, bolt 330,000 ne. Mutanen arewa maso gabas sun san darajar wannan layi tun watan Afrilu na 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turaku huɗu a kansa, aka yi makonni cikin duhu.

Iska ita ce makari na farko

Wanda ya ɗaga kai ya dubi waɗannan manyan wayoyi zai ga tsirara suke, babu ko ƙyallen roba a jikinsu. Abin da ke raba su da juna, ya kuma raba su da mutanen da ke ƙasa, iska ce kawai. Masana sun auna sun gano cewa busasshiyar iska, a tsakanin faffaɗan ƙarfe biyu masu santsi, tana jimre kimanin bolt 3,000 a kowace milimita guda. Watau in tazarar santimita ɗaya ce, sai an kai wajen bolt 30,000 kafin tartsatsi ya tsallaka.

Yadda tsallakawar ke faruwa abin sha'awa ne. A cikin iska kullum akwai 'yan ƙwayoyin lantarki ƙalilan da ke yawo sakaka, waɗanda ake kira ilaktoron. In turin ya yi ƙarfi, ƙwaya ɗaya takan sheƙa a guje ta bangaji ƙwayar iska, ta fizge mata tata ilaktoron, su zama biyu, biyun su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kamar yadda tunkiya guda da ta firgita kan tarwatsa garke baki ɗaya. Kafin ƙiftawar ido an sami siririyar hanya mai zafi wadda wuta ke bi. Wani malamin jami'ar Oxford, John Townsend, shi ya bayyana wannan a farkon ƙarni na ashirin. Gabaninsa kuma, a shekarar 1889, wani Bajamushe mai suna Friedrich Paschen ya nuna cewa adadin bolt ɗin da ake bukata ya dogara ne ga tazara da kuma matsin iskar.

Makanikan babur na Gombe suna aiki da dokar Paschen kullum ba tare da sun san sunansa ba. Bakin fulogi bai kai milimita ɗaya ba, amma sai kwayil ya ba shi bolt dubu goma ko fiye kafin ya yi tartsatsi a cikin inji, domin fistin ya riga ya matse iskar da ke wurin, matsattsiyar iska kuwa ta fi taurin kai. Akasin haka kuma, iskar kan tudu ba ta kai ta ƙasa kauri ba, saboda haka ba ta kai ta jimiri ba. Garin Jos yana sama da teku da kimanin mita 1,200, Gombe kuwa ba ta kai rabin haka ba, don haka tazarar da ta isa a wani wuri ba lalle ta isa a wani ba, injiniyoyi kuma suna sa wannan cikin lissafi. Zafi ma yana sassauta iska, ya rage mata jimiri.

Har wa yau lissafin Paschen ya nuna cewa a iskar yau da kullum, in turin bai kai kimanin bolt 330 ba, tartsatsi ba ya tsallake tazara da kansa. Wannan shi ya sa wutar gida ba ta kama mutum sai ya taɓa ta, shi ya sa kuma mai walda, wanda injinsa bai kai bolt ɗari ba, sai ya goga sandarsa a jikin ƙarfe tukuna wuta ta tashi. Daga nan ne mutane suka ɗauki mummunan zato cewa kowace waya sai an taɓa ta take kisa. Babbar waya ba ta jiran a taɓa ta. Mai ɗora kwano a kan rufi, da mai ɗaga rodi a wurin gini, da yaron da ya hau saman lodin babbar mota, da mai tsinko mangwaro da doguwar gora, duk ya ishe su su matso kusa kawai.

Kada kuma wani ya ɗauki bolt 3,000 ɗin nan ya raba, ya ce ashe taƙi guda ya isa tsakaninsa da layin Jos. Wancan adadi na ɗakin gwaji ne, inda ƙarafa ke da santsi, iska kuma ba ƙura. Duk inda akwai tsini, kamar bakin rodi ko yatsan mutum, turin yakan taru a wurin, iska ta fara karyewa tun adadin bai kai ko'ina ba. A tazara mai tsawo jimirin yakan sauko zuwa wajen bolt 500 a milimita. Ga shi kuma layi ba ya tsayawa a kan adadinsa, yakan yi tsalle sama duk sa'ad da aka kunna ko aka kashe, iska mai ƙarfi kuma tana lilo da waya, zafin rana yana sa ta saki ta yi ƙasa. Saboda waɗannan dalilai ne doka ta keɓe fili a ƙarƙashin kowane layi wanda ba a yarda a yi gini a cikinsa ba: mita 50 ga layin bolt 330,000, watau 25 kowane gefe, mita 30 ga na 132,000, mita 11 kuma ga na 33,000 da 11,000. Wanda ya zaga sababbin unguwannin da suka tsiro tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 zai iya auna wa kansa yadda ake bin wannan doka. Mai shago a ƙarƙashin babbar waya yakan ce shekara goma yana wurin ba abin da ya same shi. Gaskiya ne, amma masu kallon ƙwallo a Nyaghasang ta Kalaba ma sun daɗe suna zama a ƙarƙashin tasu wayar kafin ta faɗo musu a watan Afrilu na 2017.

Faranti, ƙura da yayyafi

Tun da ba a iya rataye waya a kan iska, dole a sami abin da zai riƙe ta a jikin turke ba tare da wuta ta bi shi zuwa ƙasa ba. Wannan shi ne aikin farantan tangaran da na gilashi da ake gani a jere kamar an kifa kwanuka. Yawansu yana gaya wa mai lura ƙarfin layin. Ɗaya yakan wadatar a layin 11,000, uku a na 33,000, tara ko goma a na 132,000, kusan ashirin kuma a na 330,000.

Shi tangaran da wuya wuta ta huda shi, domin jimirinsa ya ninka na iska sau da yawa. Abin da ta fi yi shi ne ta zagaye shi ta bi bayansa. Don haka ne ake yi wa faranti lanƙwasa da kunya-kunya a ƙarƙashinsa, domin a tsawaita hanyar da wuta za ta bi a kan fatarsa. Ƙa'idar duniya da aka daɗe ana aiki da ita ta ce a bar milimita 16 ga kowane bolt dubu a wurin da iska ke da tsabta, a kai har 25 ko 31 inda datti ya yi yawa, kamar bakin teku inda gishiri ke sauka a kan komai, ko kusa da masana'anta mai ƙura.

A nan ne yanayin ƙasar Gombe ya shigo cikin magana. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada tana shimfiɗa ta a kan kowane faranti. Muddin ƙurar nan a bushe take, ba ta da wata illa mai yawa. Ruwan sama mai ƙarfi ma alheri ne, domin yakan wanke ta ƙal. Masifar tana wurin raɓa da yayyafin farkon damina, wanda ke jiƙa ƙurar ba tare da ya wanke ta ba. Gishirin da ke cikinta sai ya narke, fatar farantin ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma, wuta ta fara tsiyaya a kai. Tsiyayar tana kawo zafi, zafin ya busar da wani ɗan yanki, sai dukan turin ya taru a kan wannan busasshen yanki, tartsatsi ya tsallake shi. Wannan ne ƙarar "zzz" da mutane kan ji a jikin falwaya da asuba, da shuɗin hasken da ake hanga da dare. In abin ya ci gaba, tartsatsin yakan haɗe daga waya har turke, layi ya faɗi. Jama'a kan yi ba'a su ce da hadari ya haɗu sai a ɗauke wuta, kamar wutar tana tsoron ruwa. Wani lokaci kuwa ba ɗaukewa aka yi ba, na'urar kariya ce ta yanke layin don ta ga wuta ta sami hanyar ƙasa.

Idan turken ko sandar da ke gicciye a samansa na katako ne, wannan tsiyaya tana da wata ɓarna ta ɓoye. Takan bi ta wajen ƙusa da noti tana ƙona itacen a hankali daga ciki, ga gara, ga ruwan damina, ga rana. Katako yana iya zama da kyan gani daga ƙasa alhali cikinsa ya zama gari.

Akwai bambanci babba tsakanin iska da makari mai tauri. Iska in ta karye takan warke nan take, da zarar tartsatsi ya mutu sabuwa ta maye gurbinta. Tangaran ko roba ko takarda kuwa, in wuta ta huda su sau ɗaya, sun tashi daga aiki har abada, domin hanyar da ta bi ba ta sake toshewa, a roba da takarda ma takan zama gawayi, gawayi kuma wuta na binsa. Abin damuwa ga tangaran shi ne yana iya hujewa ta ciki ba wanda ya gani. Farantin gilashi ya fi shi gaskiya, don an gasa shi yadda in ya sami aibi zai tarwatse gaba ɗaya, mai sintiri ya hango giɓin tun daga ƙasa. Yaran da ke gwada danƙo a kan waɗannan farantai, kowane guda da suka fasa sun rage wa layin wani kaso na jimirinsa.

Man taransifoma

A cikin taransifoma babu sararin da za a bar wa iska, domin wayar bolt 11,000 da ta 400 suna naɗe kusa da juna a cikin tukunya ɗaya. Abin da ke raba su takarda ce da mai. Man yana sanyaya na'urar, yana kuma tare wuta, jimirinsa ya ninka na iska sau da dama. Ana gwada shi ta hanya mai sauƙi: a ɗebo shi a ɗan kofi mai ƙarfe biyu da tazarar milimita biyu da rabi a tsakaninsu, a yi ta ƙara bolt har tartsatsi ya tsallaka, a maimaita sau shida a ɗauki matsakaici. Ƙa'ida ta ce sabon mai kada ya gaza bolt 30,000, in an tace shi an busar kuma ya kai 70,000.

Babban abokin gaban wannan mai shi ne ruwa. Ɗan abin da bai cika cokali ba, in ya shiga durom guda, ya isa ya karya masa jimiri ƙwarai, balle in ya haɗu da zaren takarda da datti. Taransifoma kuwa tana numfashi: da rana mai ya kumbura ya tura iska waje, da dare ya koma ya zuƙo ta ciki. Don haka ake maƙala mata wata 'yar kwalba cike da ƙwayoyi masu shanye laima, waɗanda kan canja launi in sun ƙoshi, irin shuɗin nan ya koma ruwan hoda. Canja su ba wani kuɗi ba ne in an gwada da kuɗin sabuwar taransifoma, wadda unguwa kan yi wata da watanni tana karo-karo a kanta. Ɓarawon da ya zuƙe man taransifoma kuwa, ya bar takarda ce tsirara a gaban bolt dubu goma sha ɗaya.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Tun 1930 wani injiniyan Amurka mai suna Montsinger ya nuna cewa duk ƙarin zafi na digiri takwas yana rage rabin rayuwar takardar da ke cikin taransifoma, ƙa'idojin baya-bayan nan ma sun ce digiri shida. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe kan kai digiri 40, a daidai lokacin ne kowa ke kunna fanka da firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Taransifomar da aka kafa don gida ɗari, aka jona mata ɗari uku, ba za ta fashe a ranar ba. Tsufa take yi da sauri, takardarta tana gautsi, har ranar da wata tsawa ko wani tsallen wuta zai ƙarasa ta, a ce ai tsawa ce ta kashe ta.

Ita tsawar ma an yi mata tanadi. Kayan layin bolt 33,000 ana gwada su da bugu guda na bolt 170,000 wanda ba ya daɗewa ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kwaikwayon aradu ke nan. Ana kuma kafa musu wata na'ura a gefe wadda aka gina ta da gangan don ta riga kowa sallamawa: a kan wutar yau da kullum makari ce, amma da turi ya haura sai ta buɗe hanya zuwa ƙasa, ya wuce ta sake rufewa. Amfaninta duka ya rataya ne ga wayar da ta sauka daga gare ta zuwa cikin ƙasa, wadda ita ce ɓarayin jan ƙarfe suka fi sauƙin yankewa.

Komawa cikin gida

Yanzu sai a koma ga tambayar farko. Wayar wayarin ta kirki an rubuta a jikinta 450/750, watau iyakar bolt ɗin da aka yi ta dominsa ke nan, kaurin robarta kuma bai kai milimita ɗaya ba. A masana'anta ana gwada ta da bolt 2,500. Kayan amfanin gida, irin su dutsen guga da fanka da firiji, ana gwada su da abin da ke tsakanin bolt 1,000 da 3,000 na ɗan lokaci kaɗan. Wannan rata ce mai yalwa ga wutar 230. Amma in wayar layin 11,000, wanda shi ne ƙarami a cikin manya, ta kwanta a kan wayar gidaje, turin da ke tsakaninta da ƙasa ya kai bolt 6,350, watau ninki ashirin da bakwai na abin da gidan ya saba da shi. Wuta ba ta bukatar ta huda ko'ina da ko'ina, wuri mafi rauni take nema: mahaɗar da aka naɗe da salatif, cikin abin caji, naɗin wayar fanka, bayan soket inda ƙura da gizo-gizo suka taru. Da ta sami ɗaya, jikin firiji da ƙofar ƙarfe da kwanon rufi da famfo duk suna iya zama waya. Makunnin bango, wanda tazarar bakinsa 'yan milimita ce, ba abin dogara ba ne a irin wannan hali, hannun da aka miƙa don a kashe shi ko a zare fulogi kuwa shi ne ke cika hanyar zuwa ƙasa.

Fatar ɗan Adam ita ma makari ce, amma mai rauni. Busasshiyar fata tana rage wa wutar gida kaifi, jiƙaƙƙiya ba ta yi, in turi ya haura bolt ɗari biyar kuwa fatar takan huje ne kawai. Abin da zai rikita bugun zuciya bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba. Silifa, da safar hannu ta wanki, da sandar da ake cewa busasshiya ce, babu ɗayansu da aka taɓa gwadawa a kan kowane adadi. Safar ma'aikatan layi daraja-daraja ce, akwai ta bolt 1,000, akwai ta 17,000, akwai ta 36,000, ana kuma mayar da ita gwaji a kai a kai, domin hujin da bai kai bakin allura ba ya isa. Mai gyaran wutar da ke taƙama da cewa jikinsa ya saba da wuta, sa'a ce ta saba da shi.

Tarihi ma ya riga ya ba da misali. A watan Agusta na 1858 aka gama shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, tsakanin Ailan da Newfoundland, an lulluɓe ta da wani irin ƙaro na itace daga ƙasar Malaya. Saƙo yana tafiya a hankali ƙwarai, har gaisuwar Sarauniya Victoria ga shugaban Amurka ta ɗauki sa'o'i goma sha shida. Sai mai kula da lantarkin kamfanin, Wildman Whitehouse, ya ga dabara ita ce a ƙara turi, ya ɗora mata wajen bolt 2,000. Lulluɓin da dama yana da rauni a wasu wurare, cikin 'yan makonni wayar ta mutu, ba a sake samun mai ɗorewa ba sai 1866.

Robar wayar gida kuma tana tsufa. Irin wadda aka fi amfani da ita an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. Wayar da ta bi tsakanin silin da kwano a bazarar Gombe ta riga ta cinye kaso mai yawa na wannan adadi tun ba a kunna komai ba. In aka yi rashin sa'a jabu ce, wadda aka rage mata kauri ko aka shafa wa alminiyam jan ƙarfe a baya, sai ta ƙara nata zafin daga ciki. A hankali robar ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage, ɓera ya ƙarasa. Da yawa daga gobarar kasuwanni da ake ɗora wa "dawowar wuta" ta nan take farawa. Magidanci yakan yi ciniki mai tsanani a kan nadin waya don ya rage 'yan dubbai, sa'an nan ya kashe ninkin haka a kan fenti da tayil.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne yawancin wannan rauni ana iya auna shi tun bai yi ɓarna ba. Ƙwararren mai wayarin yana da na'urar da ke tura bolt 500 cikin wayoyin gida bayan an kashe komai, ta nuna ko lulluɓin yana tsiyaya. Akwai sandar ƙarfe da ake kafawa a ƙasa a jona ta da jikin kayan gida, domin wutar da ta ɓace ta sami hanyar da ta fi jikin mutum sauƙi. Akwai kuma ƙaramar na'urar da ake sawa a akwatin fis, wadda ke yanke wuta da zarar kashi talatin cikin dubu na amfiya ya bi wata hanya dabam. Waɗannan suna kare mutum daga aibin wutar gida, suna kuma rage ɓarna, amma ba su aka yi don tare babbar waya ba. Wannan aikin na'urorin kariya ne na tashar da layin ya fito, waɗanda ya kamata su yanke shi cikin ƙasa da daƙiƙa guda da zarar ya taɓa abin da bai kamata ba, da kuma masu sintirin da ke duba turke da faranti kafin damina ta sauka. Jama'ar unguwa suna da hakkin su tambayi yaushe aka yi wa layinsu wannan dubawa, su kuma kai rahoto a rubuce duk sa'ad da suka ga falwaya ta karkata, ko faranti ya fashe, ko tartsatsi na tashi da dare.

Idan kuwa waya ta riga ta faɗi ƙasa, ko ba ta tartsatsi a ɗauka tana da rai. Wuta takan bazu a cikin ƙasa kewaye da ita, tana raguwa gwargwadon nisa, don haka mai dogon taku yana iya samun bambancin turi tsakanin ƙafarsa ta dama da ta hagu, wutar ta hau ta ɗaya ta sauka ta ɗaya. Wannan ne ya sa shanu kan faɗi a wurin da makiyayinsu ya tsira. Ƙa'ida ita ce a tsaya nesa da aƙalla mita goma, wanda ya tsinci kansa kusa kuma ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a ƙasa kaɗan-kaɗan har ya fita, wanda ke cikin mota ya zauna a ciki har sai ma'aikata sun tabbatar an kashe layin.